Na iso taron keɓewa na 'yan mishan, an ce kwana biyun farko babu komai a jadawali

MaiShuka:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na gode da addu'o'inku, na sauka lafiya. Jirginmu ya sauka a filin jirgin Jomo Kenyatta da ke Nairobi wajen ƙarfe ɗaya na dare. Na tsaya gaban belin kaya har ya daina juyawa, jakata ba ta fito ba. Na cika takarda, aka ce za a kira ni. Da na fito waje sai ga wani dattijo riƙe da kwali da sunana a jiki, idanunsa sun yi ja don barci, ashe ya fi awa biyu a tsaye. Muka kama hanyar Limuru, hazo ya rufe ko'ina, fitilar mota ba ta haska abin da ya wuce taki goma. Ni kuwa riga ɗaya ce a jikina mai gajeren hannu, haƙorana sai haɗuwa suke yi. A masauki wata mama ta ba ni rigar sanyin mijinta da robar ruwan zafi, ta ce in sa a ƙafata.

Ga abin da ya dame ni. Taron na kwana takwas ne. Da safe aka miƙa mana jadawali, na duba yau da gobe, babu komai sai lokacin cin abinci da sujadar yamma. Babu koyarwa, babu ba da rahoto. Jagoran taron ya ce mu yi barci, mu zaga cikin gonakin shayi, wanda ya ga dama ya ajiye wayarsa a kwandon da ke bakin ɗakin sujada. Shekarata tara a fagen bishara, ban taɓa hawa jirgi ba sai jiya. Ikkilisiyoyi uku suka haɗa kuɗin tafiyar nan, har da gwauraye a cikin masu bayarwa. Na kwana huɗu ina rubuta rahoto mai shafi 14. Yanzu in koma in ce musu kwana biyu na yi ina barci? Waɗanda suka taɓa zuwa irin wannan taro, haka ake yi?

MamanTabita:
Barka da sauka ɗana. Haka ake yi, kuma da gangan ne. Je ka kwanta.

DattijoA:
Malam, barka da hanya. Ni dai ina bayanka a wannan damuwa. Ni ma'aji ne a ikkilisiyarmu, na san yadda ake tara irin kuɗin nan, sisi sisi. In hutu ne kawai, ai ana iya hutawa a gida ba sai an sayi tikitin jirgi ba. Kwana biyu cikin takwas kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na kuɗin mutane. Da ni ne zan je wurin jagoran cikin ladabi in tambaye shi dalili.

TsohonFasto:
Dattijo, lissafinka daidai ne a takarda, amma bari in tambaye ka. Mai bishara ya taɓa hutawa a gidansa? Ƙofarsa ba ta rufuwa. Mai naƙuda, mai rigimar aure, yaron da aka koro daga makaranta, duk shi ake bugawa ƙofa. Hutun mai bishara a gida hutun jaki ne da kaya a ka. Shi ya sa ake ɗauke shi a kai shi inda ba wanda ya san shi.

Ku buɗe Markus sura 6, aya 30 da 31. Manzanni sun dawo daga aiken da aka yi musu biyu biyu, bakinsu cike da labari. Mutane na ta kai da kawowa har ba su da zarafin cin abinci. Ubangiji bai ce a kawo allo a fara darasi na gaba ba, cewa ya yi su keɓe su ɗan huta. Ku kuma duba Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai a kan Dutsen Karmel, ga shi kwance a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya koma barci, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka tambaye shi abin da yake yi a wurin. Abinci da barci suka riga tambaya. MaiShuka ɗana, waɗanda suka tsara jadawalin nan ba ragwaye ba ne.

Matafiyi_77:
Kafin a nutse cikin tauhidi, a taimaki bawan Allah da sanyi tukuna. Malam, watan Yuli ka je, tsakiyar sanyinsu ke nan, daga Yuni zuwa Agusta. Nairobi kanta tana kusan mita 1,800 sama da teku, Limuru kuwa ta haura mita 2,000. In ka ji kana haki a kan ɗan hawa kaɗan, ko kanka na sarawa, kada ka tsorata, iskar wurin ce ba ta da kauri. Sha ruwa da yawa ko ba ka jin ƙishi. Jakar kuma ka riƙe takardar da suka ba ka da ɗan lambar nan da aka manna a bayan tikitinka, ka ba ofishin masauki lambar su riƙa bibiya. Sau biyu hakan ta same ni, duka biyun jirgi na gaba ya kawo ta.

In za ka tsallaka titi, fara duba dama. A hannun hagu suke tuƙi.

MaiShuka:
Na gode Matafiyi. Hakin nan na ji shi da safe, na ɗauka rashin lafiya ce ta fara. Baba Fasto, na ji. Amma a Markus ɗin nan ai hutun bai yiwu ba. Jama'a sun riga su isa can a ƙafa, Ubangiji ya ji tausayinsu ya shiga koya musu, daga nan aka ciyar da mutum 5,000. Ni abin da nake gani ke nan duk lokacin da na rufe ido: waɗanda na baro.

TsohonFasto:
Ka karanta da kyau. To ci gaba zuwa aya 45 da 46. Bayan an ƙoshi, ya sa almajirai cikin jirgi, ya sallami taron da kansa, ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. An ɗage keɓewar, ba a soke ta ba. Kai shekara tara kana ɗagewa.

'YarSaratu:
Ni wani abu daban nake so in faɗa, don Allah a yi haƙuri. Malam MaiShuka, na ga hoton da ka sa da safe a shafinka na Facebook, na wajen cin abinci. Akwai fuskokin mutum biyar a bayanka. Ka tambaye su? A irin taron nan akwai masu aiki a ƙasashen da in aka gane abin da ya kai su, korarsu za a yi, waɗanda suka karɓe su kuma su shiga uku. Wasu ma sunan da suka gaya maka a wurin ba shi ne a fasfonsu ba. Ka cire shi yanzu, ba sai gobe ba.

MaiShuka:
Na cire. Ban yi tunanin haka ba sam. Na gode 'yar'uwa, kin yi mini gata. Zan je in nemi gafararsu.

'YarSaratu:
Ba komai Malam, kusan kowa ya taɓa yi a zuwansa na farko. Wataƙila ma kwandon wayar nan ba don shiru kaɗai aka ajiye shi ba.

DirebanMishan:
Ni ba mai bishara ba ne, shekara 16 ina ɗauko baƙin mishan daga filin jirgi. Abin da ya tsaya mini a labarin nan shi ne dattijon nan mai kwali. Malam ka san sunansa? Mu ne fuskar farko da baƙo ke gani, kuma cikin motarmu ake fara sauke kaya. Na taɓa ɗauko wata mata da ta yi shekaru tana aikin jinya a wani ƙauye mai nisa. Ta gaishe ni da fara'a, ta shiga baya, ba mu yi minti goma ba na ji kuka. Ba ƙaramin kuka ba. Na rage rediyo, ban ce komai ba, na bi doguwar hanya. Da muka isa ta wanke fuska da ruwan gora, ta shiga ciki tana dariya kamar ba ita ba. In da a daren nan aka ce ta tashi ta ba da rahoto, da ta ce komai lafiya lau, da kuma kowa ya tafa mata. Wannan shi ne abin da na sani game da kwana biyun nan.

MamanTabita:
Direba ya gama magana. Ni da maigidana mun je irin wannan a Chiang Mai da ke Tailan, inda ƙungiyoyin mishan da yawa ke yin tarukansu. Mun yi kusan kwana guda cur a hanya, agogo ya yi gaba da awa shida. Ƙarfe uku na dare idona biyu, ƙarfe goma na safe ina gyangyaɗi. Su ba su ba mu ranar hutu ba, washegari aka fara koyarwa. Na cika littafi da rubutu, yau in ka tambaye ni abin da aka faɗa a kwana ukun farko ba zan iya kawo maka ko jimla ɗaya ba. Shi ne asarar kuɗi, Dattijo, ba barci ba.

Wani abin kuma, a kwana na huɗu ne ni da maigidana muka zauna a bakin wani ɗan tafki muka yi maganar da muka yi shekara biyu muna kauce mata, ta karatun 'yarmu ta fari da nisan da muka yi da ita. Ba wanda ya sa wannan a jadawali.

DattijoA:
Mama, na ji, kuma ban raina ba. Amma ku dubi 'yan mishan na farko. A Kenyar nan da yake, Krapf, ɗan mishan Bajamushe, ya sauka Mombasa a 1844, cikin 'yan watanni ya binne matarsa da jaririyarsu, bai koma gida ba, shi da abokin aikinsa Rebmann suka kafa tashar mishan a Rabai a 1846. Wa ya kai su taron hutu? Ina tsoron kada mu raini 'yan mishan masu laushi.

MalaminTarihi:
Ranka ya daɗe Dattijo, tarihin da ka kawo gaskiya ne, amma bai ƙare a nan ba. Peter Cameron Scott ya kawo ƙungiyar Africa Inland Mission ƙasar a 1895. Kafin ƙarshen 1896 zazzaɓi ya kashe shi, yana da shekara 29. Cikin ɗan lokaci ayarin farko ya watse, wasu sun mutu, wasu sun koma. Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki darasi. A 1903 suka mai da hedikwatarsu Kijabe, can kan tudu a bakin babban kwarin Rift, inda sanyi ya rage sauro, a 1906 kuma suka buɗe makarantar 'ya'yan 'yan mishan a wurin don kada iyaye su rabu da aiki saboda yara. Wato su da kansu suka gane cewa kabari ba ya wa'azi sau biyu. Kijabe ba ta da nisa da inda MaiShuka yake, in akwai ranar fita ya roƙa a kai su.

BitrusK:
"Masu laushi" ta yi nauyi, Baba. Mutumin da ya yi shekara tara inda yawancinmu ba za mu yi wata ɗaya ba.

DattijoA:
Ban nufi shi ba, Allah ya sani. Na janye kalmar. Abin da nake so shi ne a gaya wa masu bayarwa gaskiya tun farko. A ce musu za a tura shi ya huta a kuma duba lafiyar ransa. In an ce horo ne alhali hutu ne, ni ne zan tsaya gaban jama'a in yi bayani.

TsohonFasto:
A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Laifinmu ne mu shugabanni. Muna jin kunyar kalmar hutu, sai mu sa mata riga mu kira ta horo.

Hannatu_J:
Tambaya daga gefe, ni ma ina shirin tafiya irin wannan a watan Oktoba. A wajen jami'an shige da fice me ake cewa? Wani ya ce mini in ce yawon buɗe ido na zo, kada in ambaci coci.

Matafiyi_77:
'Yar'uwa kada ki fara da ƙarya a bakin ƙofa. Ki ce kin zo taron coci na kwana kaza, ki miƙa takardar gayyata, da adireshin masauki, da tikitin komawa. Ki buga su a takarda, kada ki dogara da waya, caji na ƙarewa a daidai lokacin da ake nemansa. Abin da suke so su tabbatar shi ne ba aiki kika zo yi ba, kuma za ki koma. Halartar taro daban, yin aikin mishan a ƙasar daban, kowanne da irin izininsa, sai ki tambayi masu gayyatar wane ne ya dace da ke tun kafin ki nemi biza. Katin rigakafin cutar shawara kuma ya zauna cikin fasfo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, don haka ko tsoho ne yana aiki. Sai darasin MaiShuka: rigar sanyi, kaya canji ɗaya, maganin da kike sha da Littafi Mai Tsarki, duka a jakar hannu.

Hannatu_J:
Na gode ƙwarai. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

ƊanMawaƙa:
Ni shirun ne ya fi ba ni wuya. Na yi mako guda a Taizé, wani ƙaramin ƙauye a Faransa kusa da Cluny, inda Ɗan'uwa Roger, wanda ya kafa ƙungiyar masu addu'a ta wurin, ya fara zama a 1940. Sau uku ake addu'a a rana, kuma a tsakiyar kowace sai dubban mutane su yi tsit na wasu mintuna. Ranar farko na ji kamar in tashi in ta da waƙa. Mu mun saba in an yi shiru a sujada to wani ya manta abin da zai yi ne. Sai a rana ta uku na lura cewa duk addu'ata magana ce, ban taɓa barin wuri ba ko kaɗan.

BitrusK:
Taizé ai ba taron 'yan mishan ba ne, matasa ne suka fi zuwa. Kada mu haɗa.

ƊanMawaƙa:
Gaskiya ne, ba iri ɗaya ba ne. Shirun dai iri ɗaya ne.

MaiShuka:
Yamma ta yi a nan. Bari in ba ku labarin yinin. Bayan na cire hoton na je na sami mutanen, biyu sun ce ba komai, ɗaya ya riƙe hannuna ya ce ya gode da na zo da kaina. Na sa wayar a kwando ƙarfe goma sha ɗaya. Na kwanta da niyyar minti talatin, ban farka ba sai ƙarfe huɗu, abincin rana ya wuce, an rufe mini nawa da faranti an ajiye a bakin ƙofa. Na fita na bi wata siririyar hanya tsakanin shayi. Mata na tsinkar ganye da kwanduna a baya, biyu biyu na saman kawai suke cira da ɗan toho, hannunsu kamar ba ya taɓa itacen. Na tsaya ina kallo, sai kawai na tuna da wani yaro da na yi wa baftisma, wanda muka binne bara. A rahotona layi ɗaya na ba shi, a shafi na 9, tsakanin gyaran rufin ɗakin sujada da adadin masu zuwa ajin karatu. Tun ranar jana'izar ban yi kukansa ba, don ni ne mai ta'azantar da kowa. Yau na yi.

Direba, na tambayi sunan dattijon. Gobe zan same shi a garejin.

Dattijo, har yanzu ban san yadda zan faɗa wa gwaurayen nan ba. Wannan bai bar ni ba.

MamanTabita:
Ɗana, gwauruwa ta fi kowa sanin abin da ka yi yau. Faɗa musu yadda ka faɗa mana.

DattijoA:
Allah ya ta'azantar da kai Malam. Ban san da wannan ba. In ka dawo ka rubuta musu shafi ɗaya, ka sa sunan yaron a sama. Amma ina nan kan bakata cewa sauran kwana shidan su zama na aiki, ka dawo da abin da za ka koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

'YarSaratu:
Ni kuma tambayata ga shugabanni ce. Matarsa fa? Ita ma shekara tara ta yi a wurin, ita ta dafa abincin makokin yaron nan, yanzu kuma ita ke riƙe da tashar ita kaɗai. Yaushe za a ɗauke ta a kai ta inda za a rufe mata abinci da faranti?

TsohonFasto:
Ba ni da amsa mai daɗi, 'yata. Kuɗin mutum ɗaya aka iya haɗawa, aka tura mijin, haka muka saba yi. Zan kai maganar zaman kwamiti na wata mai zuwa, ban yi alkawarin za ta wuce ba.

Hannatu_J:
Wanda zan je na Oktoba an ce a zo da iyali, akwai masu kula da yara. Sai dai kowa shi zai nemi kuɗin jirgin nasa.

MaiShuka:
An kira daga filin jirgi, jakar ta iso, gobe da rana za a kawo. Rahoton yana cikinta. 'Yar'uwa Saratu, na kira maman yara yanzu na karanta mata abin da kika rubuta, ta yi shiru, sannan ta ce in gaishe ki. An buga ƙararrawar sujadar yamma, zan mai da wayar kwando. Matafiyi, soket ɗin nan mai baki uku ne, cajata ba ta shiga. A ina ake samun abin haɗawa?

Matafiyi_77:
Tambayi ofishin masauki, yawanci suna da akwati guda na waɗanda baƙi suka manta.